Kafin mu sayi sababbin kwamfutoci, a fara buɗe ƙofar ɗakin

Ranar Asabar da ta wuce muka yi taron ƙungiyar tsofaffin ɗalibai na makarantar da ta yaye mu. Kuɗin da muka yi shekara biyu muna tarawa sun ɗan yi kauri, kuma kowa ya amince a zuba su a ɗakin kwamfuta. Wajen yadda za a kashe su ne aka rabu. Mafi yawan 'yan uwa na son a sayo sababbin kwamfutoci, a yi wa ɗaki fenti, a kira manyan baƙi a yi bikin buɗewa. Ni ban goyi bayan haka ba, har wani babban yayanmu ya ce, "Ƙanena, kai da kake sana'ar kwamfuta kai ne kuma ba ka son a saya wa yara kwamfuta?" Ina so, Yaya, wallahi ina so. Amma gani ya kori ji, shi ya sa ranar Litinin na je na duba ɗakin da idona.

Sai da muka jira kusan rabin sa'a kafin a samo mabuɗi, domin yana cikin durowar shugaban makaranta, shi kuma ya fita. Da aka buɗe, kwamfutoci ashirin da huɗu ne a jere, kowace an lulluɓe ta da leda, ƙurar hunturu ta kwanta a kan ledar har kana iya rubuta sunanka da yatsa. Na kwance bayan akwatin guda ɗaya, na tarar zanzaro ya gina ɗakinsa a jikin fankar da ke sanyaya ta. Muka tayar da janareta da man da na saya a hanya, muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Goma sha bakwai suka tashi. Ashe ba mutuwa suka yi ba, rashin amfani ne ya kwantar da su. Malamin da ke koyar da darasin, wanda lissafi ya karanta aka ɗora masa wannan a kan nasa, ya nuna mini littafin wata yarinya 'yar aji biyar. Ta zana kibod da biro, layi-layi, kowane harafi a gidansa, zane mai tsabta ƙwarai. Ya ce tun da ta shigo makarantar sau biyu ta taɓa na gaske.

Wannan yarinyar ce za ta zauna jarrabawar JAMB. Tun 2015 hukumar ta daina amfani da takarda da fensir, kowa a kwamfuta yake rubutawa. WAEC ma ta fara gwada jarrabawar kwamfuta ga ɗalibai masu zaman kansu a 2024, kuma a 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da aniyarta ta mayar da WAEC da NECO kan kwamfuta. Don a sauƙaƙa wa irin yaranmu, JAMB ta tsara yadda za a amsa tambaya da 'yan maɓallai kaɗan: A, B, C ko D don zaɓen amsa, N don ci gaba, P don komawa baya, S don miƙa aiki. Duk da haka, wanda ya taɓa tsayawa a bakin cibiyar jarrabawa ya san yadda yaro ke fitowa. Ya san amsar, amma hannunsa na rawa a kan linzamin kwamfuta (mouse), agogo na gudu a saman allo, yana tsoron ya danna wani abu komai ya goge. Ɗan makarantar kuɗi da ke kusa da shi bai fi shi ƙwaƙwalwa ba, sabo kawai ya fi shi.

Ku yi wannan lissafin da ni. Aji mai yara tamanin, kwamfuta ashirin, darasi na minti arba'in sau ɗaya a mako. Yara huɗu a kan kowace kwamfuta, kowa minti goma ke nan, in an yi adalci, in kuma wanda ya fi ƙarfi bai riƙe linzamin ba. A zangon karatu na mako goma sha uku, yaro ya samu sa'a biyu da 'yan mintoci. Wannan fa idan akwai wuta kowane mako. To wannan adadin nake so mu ɗaga, domin shi ne ma'aunin da ya kamata a auna gyaran ɗakin kwamfuta da shi: sa'a nawa hannun yaro ya yi a kan kibod.

Abin da ya fi cin wannan sa'o'in kuwa wuta ce. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, makarantar gwamnati da za ta iya tayar da janareta kullum saboda darasi ɗaya ba ta da yawa. Tsohuwar kwamfutar tebur mai ƙaton allo mai ƙeya tana iya shan wat 200, ashirin ɗinsu wat 4,000 ke nan. Laftof kuwa da ƙyar take wuce wat 50 a aikin aji, ashirin ba su fi wat 1,000 ba, kuma kowace da batirinta a ciki. Allah ya hore mana rana, kuma lokacin da take tsakiyar ƙarfinta shi ne lokacin da yara ke aji. Saboda haka farantan sola da inbata mai kyau da batir madaidaici sun isa su riƙe ɗakin daga safe zuwa la'asar, ba sai an tara batura masu tsada irin na wanda ke son wuta cikin dare ba. Da ni za a bi, nan rabin kuɗin zai tafi, tare da sabunta wayoyin ɗakin da sa ƙarfe a tagogi, saboda ɓarayin sola ba barci suke ba.

Su kuma goma sha bakwai ɗin da suka tashi ba na zubarwa ba ne. A canza musu allo zuwa marar kauri mai ƙarancin shan wuta, a cire tsohuwar ma'ajiyar bayanai a sa ta zamani mai sauri da ake kira SSD, a ƙara RAM, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke aiki da ita. Kwamfutar da ke ɗaukar minti biyar kafin ta buɗe sai ka ga ta buɗe kafin yaro ya gama gyara zama. Na san Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma yawancin irin waɗannan tsofaffin ba za su ɗauki Windows 11 ba. Amma akwai Linux Mint da Ubuntu da ake sawa a madadin Windows, kyauta ne, ba su da nauyi, kuma ƙwayoyin cutar kwamfuta da yara ke kwasowa a filasha ba su cika kama su ba.

Intanet ma kada ya tsayar da mu. Manhajar Kiwix tana ajiye Wikipedia, har da ta Hausa, a karanta ba tare da data ba. Kolibri na ɗauke da darussan lissafi da kimiyya a kwamfuta guda, sauran su ɗauka daga gare ta. Scratch na koya wa yaro haɗa manhajar kwamfuta ta hanyar jan hotuna. Sannan a sa musu rubutun Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ, su rubuta wasiƙa da harshen da suke tunani da shi. Yaron da ya buga labarin kakarsa da hannunsa ba zai ƙara jin tsoron kibod ba.

Inda na fi jin zafi shi ne maganar malami da mabuɗi. Ban ga laifin shugaban makaranta ba, domin shi za a tuhuma in linzami ɗaya ya ɓace, shi ya sa ya ga kulle ɗakin ya fi masa kwanciyar hankali. Mu ne za mu sauke masa wannan nauyin. A zauna da kwamitin al'umma mai kula da makaranta (SBMC) da ƙungiyar iyaye da malamai a rubuta a takarda cewa kayan da suka lalace wajen koyo ba laifin kowa ba ne, kuma ƙungiyarmu ta ware kuɗin gyara kowane zango. A tura malamin nan horo, a ba shi ɗan alawus don ya buɗe ɗakin bayan an tashi da kuma ranar Asabar. A ware wa 'yan mata ranakunsu, domin na sha gani in an haɗa su, maza ke zama, mata na tsaye a baya suna leƙe.

Yaya da sauran 'yan uwa, ban ce kada a sayi sabo ko ɗaya ba. In kuɗi sun ragu a ƙaro laftof biyar ko shida. Roƙona shi ne a ɗage ƙuri'ar zuwa taro na gaba, mu haɗu a makarantar ranar Asabar da ƙarfe goma na safe. Na riga na nemi izinin shugaban makaranta, malamin ma ya ce zai zo da littafin yarinyar nan. Man janareta ni zan kawo, wanda ke da abin hura ƙura ya taho da shi.