Launin ruwan Antaktika da koren ruwan Kano

Labarin da ya fito a 2025 cewa Hukumar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka za ta daina hayar Nathaniel B. Palmer, jirgin bincike mai fasa ƙanƙara da take aiki da shi a tekun Antaktika tun 1992, bai ɓata mini rai kamar martanin wasu masu iliminmu ba. Amurka da kuɗinta, ita ta san yadda za ta yi da su. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne maganar wani malamin jami'a a majalisarmu bayan sallar isha'i. Cewa ya yi ai gara haka, waɗanda suka ƙoshi ne ke zuwa bangon duniya suna tace ruwa don duba launin gansakuka, mu kuwa binciken da zai sa tuwo a kwano shi ya kamace mu. Aka yi ta gyaɗa kai. Na ce masa, "Malam, ka san abin da suke karantawa a cikin launin nan?" Bai sani ba, bai kuma ga dalilin sani ba. Wannan mutum ɗalibai ke zuwa wurinsa neman amincewa da batun bincike.

A saman ruwan teku akwai ƙananan tsirrai masu ƙwayar halitta ɗaya waɗanda ido ba ya gani, masana na kiransu fitofilankton. Kusan rabin iskar oksijin da tsirran duniya ke samarwa daga gare su take. Iri-iri ne, kuma zama a ƙirga su ɗaya bayan ɗaya da madubin ƙara girma aiki ne mai cin watanni, ga shi wasunsu na fashewa da zarar an zuba musu maganin adanawa. Sai masana suka bi ta hanyar launi. Dukansu suna da koren sinadarin kulorofil, amma kowane dangi na da ƙarin launinsa da yake kama hasken rana da shi. Dangin dayatom, masu ɓawo kamar gilashi, suna ɗauke da fukozantin mai ruwan ƙasa-ƙasa. Dangin kiriftofayit suna da alozantin. Feridinin kuwa alamar wani ɓangare ne na dangin dinofilajelet. Ana ɗebo ruwa daga zurfi daban-daban, a tace shi a kan ƴar takardar tacewa, a daskarar da ita, a jiƙa launin ya fita, sannan a tura shi cikin na'urar HPLC wadda ke raba launukan ɗaya bayan ɗaya ta faɗi yawan kowanne.

Bakano bai kamata ya ga wannan a matsayin baƙon abu ba. Marini a karofin Ƙofar Mata yana duban kumfar da ta taso a bakin rami da launin ruwan baba, ya san ko ramin ya nuna ko da saura. Bai taɓa ganin ƙwayoyin halittar da ke aiki a cikin ramin ba, alamarsu yake karantawa. Kuma kamar yadda marinin da bai ƙware ba kan yi kuskure, haka masu wannan bincike. Wata halitta mai suna Phaeocystis, wadda ke mamaye Tekun Ross na Antaktika idan ƙanƙara ta buɗe, ita ma tana da fukozantin irin na dayatom, don haka ganin launi guda bai isa hujja ba. Shi ya sa a 1996 masana a Ostireliya suka fitar da manhajar CHEMTAX, mai lissafa rabon kowane dangi daga yadda launukan suka cakuɗu. Yawan launin ma yana sauyawa idan haske ya ragu ko sinadarin ƙarfe ya yi ƙaranci a ruwa. Dole sai an je wurin an ɗebo ruwan. Tauraron PACE da hukumar NASA ta harba a Fabrairun 2024 yana bambance launukan teku daga sama, amma ba ya gani ta cikin gajimare, ba ya gani a ƙarƙashin ƙanƙara, ba ya gani a watannin da rana ba ta fitowa a can, kuma abin da ya gani sai an gwada shi da abin da jirgi ya auna kafin a yarda da shi.

Me aka gano? A yammacin tsibirin-gaɓar Antaktika, inda ɗumi ke narkar da ƙanƙara ruwan daɗi yana kwarara cikin teku, an ga wuraren da ƙananan kiriftofayit ke karɓe gurbin manyan dayatom. Ruwan yana nan kore yadda yake, amma abincin ya sauya. Kiril, ƴan ƙananan jatan-landen da manyan kifayen wel da tsuntsayen fengwin ke rayuwa a kansu, sun fi iya cin dayatom, ƙananan kan kuɓuce musu. Sannan Tekun Kudu, wato wanda ya kewaye Antaktika, shi ke shanye kusan kashi 40 cikin 100 na iskar kabon mai ɗumama duniya da tekunan duniya ke karɓa daga wadda ɗan Adam ke fitarwa, kuma irin tsiron da ya rinjaya yana shafar yawan kabon da ke nutsewa ƙasan teku. Wanda ya sha zafin watan Afrilu a Kano yana da ruwa da tsaki a wannan lissafi, ko ya sani ko bai sani ba.

Malamin namu ma yana shaƙar dayatom duk hunturu. Hazon da ke rufe garin nan daga Disamba zuwa Fabrairu, mai yawansa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake tasowa, kuma farar ƙasar kwarin ɓawon dayatom ce da suka rayu suka mutu a tsohon babban Tafkin Chadi dubban shekaru da suka wuce.

Amma abin da ya fi damuna yana kusa da gida. Duk wanda ya bi ta bakin kududdufan cikin birni da bazara ya ga yadda ruwan ke zama kore shar kamar an zuba fenti. Madatsar Tiga da ta Challawa su ke ciyar da kogunan da ake jawo ruwan sha daga gare su zuwa matatun Tamburawa da Challawa, ga takin zamani da damina ke wankowa daga gonaki, ga dattin da kogin Jakara ke kwasa daga tsakiyar gari ya kai Wasai, inda ake kamun kifi ana noman rani. Taki da zafi su ne abincin gansakuka. Wani koren ba shi da illa. Wani kuwa na dangin sayanobakteriya ne, kuma wasu daga cikinsu na fitar da gubar maikurosistin mai lalata hanta, wadda tafasa ruwa ba ya kashe ta. A 1996 fiye da mutum 50 masu wankin ƙoda suka mutu a garin Caruaru na Barazil saboda ita. A Agustan 2014 an hana kusan mutum 400,000 shan ruwan famfo a birnin Toledo na Amurka har kusan kwana uku. Ban ce gubar tana cikin randar kowa ba. Cewa nake wanda bai auna ba, ba shi da bakin cewa babu ita. Kuma hanya mafi sauri ta sanin wane kore ne ya taso ita ce dai karatun launi, domin sayanobakteriya na da nasu shuɗin launi, fikosayanin, da ake iya aunawa da ƴar na'urar da mutum zai riƙe a hannu.

Masu cewa a fara gyara famfunan da suka bushe tukuna ba su faɗi abin da ya hana a yi biyun tare ba. Masu cewa wannan ilimin Turawa ne kuwa, da wayar Turawan suke rubuta hakan.

Abin takaicin shi ne yadda irin ra'ayin malamin nan ke kashe wa yara gwiwa tun kafin su fara. Yarinya za ta zo da sha'awar nazarin halittun ruwa, a ce mata ta koma ta nemo batu mai amfani, sai ta ƙare da raba takardun tambayoyi a kasuwa, ta rubuta abin da ɗari kafin ita suka rubuta. Muna da Jami'ar Bayero, muna da ta Wudil, muna da hukumar ruwa ta jiha da ta raya kogunan Haɗejiya da Jama'are. Su zauna su ware wanda zai riƙa ɗebo ruwan Tiga da Challawa da Wasai kowane wata, damina da rani, a auna launinsa a ajiye sakamakon inda kowa zai gani. Hotunan taurarin Sentinel na Turai kyauta ne a intanet, kuma madatsun namu suna fitowa a cikinsu sarai. Abin da ya rage shi ne kwale-kwale, da kwalabe, da kuɗin mai zuwa Tiga.