Kafin ka ce wa ɗan'uwanka ya kwashe kayansa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yan'uwa, akwai abin da ke damuna a garin nan namu na Bauchi, musamman a tsofaffin unguwanni irin su Jahun, Kobi da Bakaro, inda gidan ƙasa da kaka ya gina yanzu dillalai ke zagaya shi don ya fito bakin titi. Maigida zai rasu, masu ta'aziyya ba su gama watsewa ba, an fara lissafin shago nawa katanga za ta ɗauka. Sai a waiwayi mafi rauni a gidan, amaryar marigayi da ba ita ta haifi manyan 'ya'ya ba, ko gwaggo da aurenta ya mutu ta dawo, a ce ta nemi wuri.

Mai takaba dai babu mai ikon taɓa ta. Allah ya yanka mata wata 4 da kwana 10 a Suratul Baƙara, aya ta 234. Furai'a 'yar Malik, 'yar'uwar Abu Sa'idil Khudri, an kashe mijinta, ta roƙi Annabi (SAW) izinin komawa gidan iyayenta, domin mijin bai bar mata gidan da ya mallaka ba. Duk da haka ya umarce ta ta zauna inda take har iddarta ta cika, kuma Sayyidina Usman ya yi hukunci da wannan a zamaninsa. Imamu Malik ya kawo shi a Muwaɗɗa. To ina ga wadda mijinta ya mutu ya bar gida nasa na kansa?

Bayan takaba ma ba baƙuwa ba ce. Tana da tumuni, kashi 1 cikin 8, in marigayin ya bar ɗa ko 'ya, in bai bari ba tana da rubu'i, kashi 1 cikin 4; in tana da kishiyoyi, tare za su raba kason. Matuƙar ba a yi rabo ba, kasonta yana cikin kowane ɗaki, har zaure da rijiya. Yaya babba, girmanka na shekaru ne, kasonka daidai yake da na autan ƙannenka maza. Ba ka ma san naka ba sai an fitar da kuɗin jana'iza, an biya bashi, har da ragowar sadakinta in akwai, an zartar da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, wato kashi 1 cikin 3.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne dabarun korar. A yanke mata wuta. A canza kwaɗon ƙofa tana gidan biki. A yaye kwanon ɗaki ana tsakiyar damina da sunan gyara, tsohuwa ta fito da tabarma da kwallayenta ta jibge a ƙofar gida, yaran unguwa na kallo. Wallahi wannan ba neman haƙƙi ba ne. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa shi a wuya daga ƙassai bakwai.

Kai ma da kake zaune a ciki, kada ka ɗauka maganar ta tsallake ka. Shekara da shekaru kana karɓar kuɗin haya, ƙannenka mata na aure a Azare da Misau ba su ga ko sisi ba, da an ta da zancen rabo ka ce ana so a tozarta gidan mahaifinku. Kai ma cin haƙƙi kake yi, kuma in da marayu a ciki, ka karanta aya ta 10 a Suratun Nisa'i, kan azabar masu cin dukiyar marayu.

In gida bai rabuwa, a kira malamin da ya san ilimin gado da mai unguwa, a sa waɗanda suka san farashi su yi masa kuɗi a gaban kowa. Magajin da ke ciki a fara yi masa tayi kafin bare. In ba shi da hali, a damƙa masa kasonsa a hannu, a ba shi wa'adin da zai isa ya kama haya, a rubuta da shaidu. In abin ya kai kotun shari'a, ka tuna hadisin Ummu Salama: alƙali da abin da ya ji yake hukunci, wanda aka yanka wa haƙƙin ɗan'uwansa saboda iya baki, yankin wuta aka ba shi.

Sai waɗanda ba su da gado sam, kamar jikokin da mahaifinsu ya riga kakansu rasuwa alhali baffanninsu na raye. A gidan aka haife su, ba su san wani ba. Aya ta 8 a Suratun Nisa'i ta ce in dangi da marayu da miskinai sun halarci rabo, a ba su wani abu daga ciki, a faɗa musu magana mai daɗi. Baffa, tun kafin dillali ya kawo mai saye, ku zauna da 'yan'uwanka ku ware wa yaran nan ɗaki ko kuɗin hayar shekara, kowa daga kasonsa.