Faifan Z ba a cikin kwamfutarka yake ba

Na daɗe ina son yin wannan maganar. Kusan duk wanda na taimaka ya haɗa kwamfutarsa ta tebur da ma'ajiyar fayiloli ta nesa, kuskure ɗaya yake yi. Da zarar ya ga foldar ta bayyana a allonsa da harafinta, misali Z, sai ya ɗauka ta zama tasa, tana kwance cikin injinsa. Ba ta ciki. Tana can a wata na'ura, a wani ɗaki ko wata ƙasa ma, kai taga kawai aka buɗe maka kake leƙawa.

Ni kaina kullum da wannan hanyar nake aiki, kuma ina sonta. A Windows ka ba foldar harafi, a Mac ka danna Command da K cikin Finder ka rubuta adireshin da ya fara da smb://, a Linux kuma ga Samba, manhajar da ke aiki da SMB, ga NFS. SMB da NFS ƙa'idoji ne da kwamfutoci ke bi wajen raba fayiloli tsakaninsu. Minti biyu an gama. To sauƙin nan ne yake sa mutane su manta da asalin abin. SMB daga IBM ya fito a 1983 kafin Microsoft ya rungume shi, NFS kuma kamfanin Sun ne ya fitar a 1984. Dukansu an tsara su ne don kwamfutocin da ke gini ɗaya, waya ɗaya ta haɗa su, kowa ya san kowa. Ba a yi su don buɗaɗɗiyar intanet ba.

Wata rana wani abokin aikina ya goge folda guda daga faifan da muke rabawa, cikin kwanciyar hankali, yana cewa ai in ya so zai dawo da ita daga kwandon shara. Ya buɗe kwandon, wayam. Windows ba ya jefa abin da aka goge daga faifan nesa cikin kwandon kwamfutarka, kai tsaye yake tafiya, sai fa in ita ma'ajiyar an kunna mata nata kwandon. Aikin makonni ne, kuma ba nasa shi kaɗai ba. Ban manta yanayin fuskarsa ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne masu shiga saitin rauta, na'urar da ke haɗa kwamfutocin gini da intanet, su buɗe ƙofa mai lamba 445, wadda SMB ke bi, ga duniya, wai don su riƙa shiga fayilolinsu daga gida. Don Allah ku daina. Ta wannan ƙofar WannaCry, wata manhajar garkuwa da fayiloli, ta shiga a watan Mayu na 2017, ta yi amfani da wata ɓaraka a tsohon SMB na farko, ta kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, har asibitocin Ingila suka riƙa soke ganin marasa lafiya. Abin takaici, Microsoft ya riga ya fitar da gyaran tun watan Maris, mutane ne ba su saka ba. A Janairun 2022 ma masu DeadBolt, wata manhajar irinta, sun bi akwatunan ajiya na kamfanin QNAP da aka bari a buɗe ga intanet, suka kulle fayiloli suna neman kuɗin fansa. Kada ka ce kai wa ya san ka. Manhajoji ne ke bin adireshi ɗaya bayan ɗaya dare da rana suna ƙwanƙwasa ƙofofi, ba ruwansu da sunanka.

Hanyar da na yarda da ita ita ce ka fara shiga ta VPN, wato rufaffiyar hanya a cikin intanet, ya zama kamar kana zaune cikin ginin da ma'ajiyar take, sannan ka haɗa faifan. WireGuard, wata manhajar VPN, na da sauƙi da sauri. In kuma ɗaukar fayil da ajiyewa ne kawai buƙatarka, SFTP, wata hanyar tura fayil a asirce, ya wadatar. Ka kashe SMB na farko gaba ɗaya. Na uku, wanda ya zo a 2012, yana iya rufa asirin bayanai a kan hanya, amma ka duba ka tabbata an kunna.

Game da masu kukan jinkiri, laifin ba lallai na layinku ba ne. SMB mai yawan surutu ne, kowane ƙaramin fayil sai an yi ta kai da komo kafin ya buɗe, shi ya sa ƙananan hotuna dubu suke cin lokaci fiye da babban bidiyo ɗaya. In aikin mai nauyi ne kuma layin na yankewa, ka kwafo fayil ɗin, ka gama, ka mayar.

Sannan ina roƙon a daina kiran faifan Z madogara, wato kwafin da za ka koma gare shi in fayiloli sun ɓace. Duk abin da kwamfutarka ke da ikon rubutawa a kai, manhajar garkuwa da fayiloli da ta shige ta ita ma tana da wannan ikon, kuma za ta bi harafin nan ta kulle komai. Ni nawa kwafin yana kan wani faifai daban da nake cirewa daga jikin na'urar, ita ma'ajiyar kuma na sa ta riƙa adana hoton yadda fayiloli suke kowane dare, ta yadda ko an goge abu yau da rana, na jiya yana nan.