Yadda na zama ɗan caca a idon Baffa

Kun dai san zaman da muke yi ranar Asabar bayan la'asar a ƙofar shagon Tela, nan Mabera. Wannan karon littafin wani Bature ne ya faɗo mana, wanda ya yi yawon gidajen caca na Las Begas da Makau da Monte Karlo, ya dawo ya rubuta abin da idonsa ya gani. Wanda ya kawo littafin ya san kansa, ba zan tona shi ba tukuna. Kowa ya karanta iya ƙarfinsa, ni kuma aka ɗora mini bayanin wuraren da ke da lissafi, tunda shi nake koyarwa.

Na'ibi ne ya buɗe taro. Ya ce littafin bai dace da majalisa ba, ya kawo aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, duk muka ce haka ne, babu mai ja. Sai da aka zo babin ƙarshe ya gyara wa Direba sunan wani otal, muka gane har bangon baya ya karanta. Shi Direba abin da ya tsaya masa a rai ɗaki da abincin da ake ba manyan masu wasa kyauta, yana ta tambaya ko ana ba wanda ya je kallo kawai. Sarkin Musu ya ce marubucin maƙaryaci ne, wai wane gini ne ba taga ba agogo. Na ce masa wannan kam gaskiya ce a yawancin gidajen, don kada ka san dare ya raba. Kuma tun a bakin tebur ake canza maka kuɗinka zuwa 'yan faya-fayen roba, saboda hannu ba ya jin nauyin roba yadda yake jin na takardar kuɗi.

Ni a gani na mutumin ya iya kwatanta darduma da fitilu, kuma tarihinsa ya tafi daidai. Jihar Nebada ta Amurka, inda Las Begas take, ta halatta caca a 1931. Makau ta koma hannun Chaina daga Fotugal a 1999, a 2002 aka kawo ƙarshen babakeren gidajen caca da attajiri Stanley Ho ya riƙe tun 1962, zuwa 2006 kuɗin da gidajen Makau ke samu ya wuce na babban titin Las Begas. Amma shafi bayan shafi sai zancen sa'a, wane ya tashi da sa'a, wane sa'arsa ta juya. Bai taɓa zama ya nuna wa mai karatu abin da ya sa gidan ba ya faɗuwa ba. Har dokar Monako da ta hana 'yan ƙasar yin caca a gidan Monte Karlo, a matsayin abin dariya ya kawo ta, alhali masu gidan sun san abin da suke kare mutanensu daga gare shi.

To, shi ne na ce bari in nuna musu a aikace. Na ari babban tiren Mai-shayi, na ciro alli daga aljihu, na zana faifan rulet, wasan da ake juya faifai a jefa ƙwallo ta faɗa wani gurbi mai lamba. Na tattara marafan kwalaben lemo a matsayin roba, ƙwallon dabino ya zama ƙwallo.

Faifan Turai gurbi 37 ne, daga 0 zuwa 36. Ja 18, baƙi 18, sifili kore. In ka sa kuɗi kan lamba ɗaya ta fito, ninki 35 ake biyan ka, a mayar maka da abin da ka sa. Na ce su ɗauka mutum ya sa ₦1,000 a kan kowace lamba, wato ₦37,000. Dole ɗaya ta fito, ya ci ke nan. A ba shi ₦35,000, a haɗa masa da dubunsa, ya tashi da ₦36,000. Ya ci, kuma ya yi asarar dubu ɗaya. Wannan dubun ita ce kashi 2.7 cikin ɗari da gidan ke yanka a duk abin da aka ajiye. Faifan Amurka an ƙara masa wani gurbin kore mai sifili biyu, ya zama 38, amma biyan bai canza ba, sai yankan ya koma kashi 5.26. Gidan ba ya buƙatar maguɗi, ba ya buƙatar boka. A ce kana sa dubu sau 40 a awa, ka ajiye ₦40,000, rabon gidan a faifan Turai ₦1,080 ne a kowace awa in aka daɗe ana yi. Abincin kyautan da Direba ke hange daga nan ake biyan sa. A Makau kuwa bakara ce sarauniya, wasan karta mai ɓangare biyu, na ɗan wasa da na banki, can ma in ka bi ɓangaren banki ka ci sai a cire kashi 5 cikin ɗari, kamar la'adar dillali a kara, ko ka yi riba ko ka faɗi shi dai ya karɓi tasa.

Direba ya ce amma in baƙi ya yi ta fitowa ai dole ja ya zo. Na ce ƙwallo ba ta da ƙwaƙwalwa. Ranar 18 ga Agusta 1913 a Monte Karlo baƙi ya fito sau 26 a jere, mutane na ta zuba dukiya kan ja suna cewa yanzu kam lokacinsa ya yi.

Sai Sarkin Musu ya kawo dabarar da kowane sabon shiga ke zaton shi ya ƙirƙiro: ka sa kan ja ko baƙi, inda in ka ci ake biyan ka daidai abin da ka sa, in ka faɗi ka ninka, ranar da ka ci duk ka mayar. Na ce to mu gwada. Dubu 1, 2, 4, 8, har faɗuwa ta goma ka zubar da ₦1,023,000. Ta goma sha ɗaya sai ka ajiye ₦1,024,000, kuma in ka ci ribarka duka dubu ɗaya ce. Faɗuwa goma a jere tana zuwa kusan sau ɗaya cikin 784 a faifan Turai, ba abin mamaki ba ne ga mai zuwa kullum. Kuma kowane tebur yana da iyakar abin da za a iya sawa, kafin ka kai can an tsayar da kai. Bai yarda ba, kun san shi. Na ce kowa ya ɗauki marafai a gani da ido.

Daidai lokacin Direba ya fara karɓar kuɗin shayi, kowa ya jefo ₦200 kan tabarma, gefen tiren.

Ina so ku ga yadda nake. Na durƙusa kan gwiwa, hula ta karkace, hannun riga na naɗe, alli har goshi. Ina juya tire da hagu, ƙwallon dabino a dama, na ɗaga murya yadda nake yi wa 'yan aji: "Kowa ya sa! Wa ke ja, wa ke baƙi? An rufe, ba a ƙara!"

Sai na ji majalisa ta yi tsit. Ban ji tsayawar kabu-kabu ba. Ƙwallon ta yi tsalle daga tire, ta gangara, ta gangara, ta je ta tsaya jikin wani takalmi da na sani. Takalmin da na durƙusa a gabansa ranar da aka ba ni aure.

Baffa ya yi sallama. Wallahi mutum bakwai ne a wurin, babu wanda ya amsa da ƙarfi. Ya duƙa a hankali, da tsufansa da komai, ya ɗauki ƙwallon, ya duba ta, ya dubi kuɗin, ya dube ni.

"Malam, barka da aiki."

"Baffa, sannu da zuwa. An wuni lafiya?"

"Lahiya lau. Mi kaka yi nan?"

"Lissafi ne, Baffa."

"Lissahi. Da kuɗɗi bisa tabarma."

Na ce kuɗin shayi ne. Ya dubi Mai-shayi, Mai-shayi ya duƙufa kan wanke kofin da ya riga ya wanke. Na waiga neman Na'ibi ya yi mini shaida, ashe ya ɗauki buta ya yi masallaci, magariba saura fiye da awa. Littafin da zai wanke ni kuwa ya ɓace, daga baya aka tsince shi ƙarƙashin yadin wata amarya.

Sai na shiga bayani. Na ce Baffa, ai nuna musu nake ba a cin gidan caca. Na kawo 37, na kawo 38, na kawo ninki 35, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ina magana ina ganin fuskarsa na ƙara natsuwa, na ɗauka fahimta ce. Ya bari na kai aya, sannan ya ce, "To wanga na Turai da na Amurka, wane yaf hi?"

Kafin ya rufe baki na ce, "Na Turai, Baffa, sifilinsa ɗaya."

"Ashe har kana da zaɓi."

Wannan maganar har yanzu in na kwanta sai ta dawo mini. Bai ɗaga murya ba. Da ya yi faɗa da na samu abin riƙewa. Miƙo mini ƙwallon dabinon ya yi da hannu biyu, ya ce, "Amshi kayan aikinka." Ni kuma na karɓa. Da hannu biyu. Har na ce na gode.

A nan ne Tela, wanda bakinsa bai buɗe ba tun la'asar, ya ga ya dace ya taimaka. Ya ce, "Wallahi Baffa, mu ma mun yi mamakin yadda yas san abin haka."

Tela fa. Mutumin da shaddata ke hannunsa tun kafin ƙaramar Salla. Ya auna ni, ya ce takardar awon ta ɓace, ya sake auna ni, ya ce na yi ƙiba. Ya karɓi kuɗin zare, ya karɓi kuɗin aiki, ya karɓi wani abu da ya kira kuɗin janareta. Duk ranar da na tambaya sai ya ce saura wuya, kamar wuyan rigar daga Kano za a yo odarsa. Amma ga kayan Baffa, da aka kawo makon jiya, an goge an naɗe an sa a leda, har da kyautar hula. Kuma a cikinmu duka Tela ne kaɗai bai karanta ko shafi ɗaya ba, hotuna ya kalla, ya ce matan wurin ba su da tela nagari. Shi ne dai bayan Baffa ya hau kabu-kabu ya tafi, ya jawo ni gefe ya rage murya ya ce, tsakani da Allah wace lamba ce ta fi fitowa. Na ce duk ɗaya ne, kowace sau ɗaya cikin 37. Ya ce to in ba na son faɗi shi ke nan.

Kafin in kai gida waya ta riga ni. Uwargida ta buɗe ƙofa ta ce, "Sannu da zuwa. An ci ko an cinye ka?" Ta yi dariya har ta dafa bango, don ita ta san ko ludo aka yi a gidan nan ni ake fara korewa. Inna kuwa ba ta ɗauke shi wasa ba, ta aiko yaro da safe wai in riƙa yawaita istigfari.

Na'ibi ya yi alkawarin zai raka ni Gidan Igwai mu yi wa Baffa bayani, sai dai kullum yana da ɗaurin aure. Mai-shayi ya ce allin bai fita daga tirensa ba, in sayo omo. Direba ya riƙe kuɗin shayin ranar, wai an tashi ba a sha ba. Tela ya ce in zo ranar Alhamis.