Ƙamshin ɗaki ba shi ne tsaftar ɗaki ba

Wallahi tun jiya maganar wata yarinya take cina. 'Yar shekara huɗu ta kwana a asibiti tana kokawa da numfashi, likita ya ce asma ce, a kwashe kafet daga ɗakin da take kwana kuma a daina turaren wuta a ciki, sai ga mata sun yi caa a kan uwar don kawai ta ce za ta bi maganarsa. Wata ta ce sanyi ne, a rufe tagogi ruf. Wata ta ce a yi mata hayaƙin tazargade. Wadda ta fi ƙona min rai ita ce mai cewa duk macen da ɗakinta ba ya ƙamshi ƙazama ce, miji zai guje ta. Haba baiwar Allah! Ana maganar numfashin yarinya kina maganar kasko?

Mun ɗauki ƙamshi mun ɗora shi a kujerar tsafta, wannan shi ne ciwonmu. Ki shiga ɗakin amarya ki gani: kafet bango zuwa bango, labule mai nauyi hawa biyu, kujeru masu gashi-gashi, filalluka jibge a kan gado, taga kuwa tun ranar jere ba a sake buɗe ta ba. Da magariba a zuba turare a garwashi a ja ƙofa don ya kama ɗaki, bayan isha'i a kunna igiyar leƙo saboda sauro. A nan yaro zai kwana har asuba yana shaƙa. Ya tashi da tari da atishawa, ido ya yi ja, ƙirji yana ƙara, mu ce mura ce ta ƙi jin magani.

Hayaƙi hayaƙi ne ko da na turaren dubu hamsin ne. Huhun yaro bai san tsadarsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda akasarinta hayaƙin girki da itace da gawayi da kananzir ke jawowa, ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, cikinsu da yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 237,000. Wannan garwashin da muke ɗauka daga kicin mu kai uwar ɗaka mu rufe ƙofa, daga ina muke tsammanin ya fito?

Kuma ba hayaƙin kaɗai ba ne. A cikin katifa da filo da kafet akwai wasu ƙananan ƙwari masu ƙafa takwas, dangin kaska, da ba su kai rabin milimita ba, ido ba ya ganinsu. Ba sa cizo. Abincinsu ɓurɓushin fatar da ke zuba daga jikinmu, kashinsu kuma shi ne yake gauraya da ƙura ya tayar wa mai asma da ciwonsa. Danshi suke so, shi ya sa suke samun sarari da damina a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Haka kashin kyankyaso da ɓawon jikinsa. Haka fumfunar nan baƙa da ke fitowa a bango bayan wadirof in ruwa ya yi nisa a watan Agusta. Ki turara ɗakin sau goma, duk suna nan daram. Hancinki kawai kika rufe.

Na san za a ce ai iyayenmu sun yi turaren wuta kuma ga mu nan. Iyayen namu a kan daɓe da tabarma suka rayu, rabin yininsu a tsakar gida. Kafin shara sai sun yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi, shimfiɗa kuwa rana take sha a kan katanga. Wannan ɓangaren na tarbiyyarsu muka watsar, muka riƙe kasko kaɗai. Masu cewa tsoron Turawa ne ya kama mu kuma, ba ni da lokacinku yau.

'Yar uwa, ke da ɗanki yake fama, da ke nake, kuma wallahi tausayinki nake ji, don babu tashin hankalin da ya kai uwa ta ga ɗanta yana neman iska yana kasa samu. Ki naɗe kafet ɗin nan daga inda yake kwana. Ki goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya. Zanin gado da rigar filo a wanke su duk mako da ruwa mai zafi sosai, wajen digiri 60 ne yake kashe ƙwarin, katifa kuma ta riƙa ganin rana. Ki buɗe taga iska ta ratsa, sai dai ranar da hazon hunturu ya sauko. Sauro kuma gidan sauro mai magani ya ishe shi. In likita ya ba da inhela kada kowa ya tsorata ki da cewa wai in an fara ba a dainawa. Magani ne da yake buɗe hanyar numfashi, ya kasance kusa da hannunki dare da rana. In Maigida yana son ƙamshi, ga humra ga turaren jiki a ɗakinsa, yaron dai a bar masa iskarsa.

Ni fa tunda ana maganar ƙazanta, ku zo mu leƙa kicin. Soson wanke-wanken nan da yake kwana jiƙe cikin ruwan omo da guntun shinkafa maƙale, yana cikin abubuwan da suka fi tara ƙwayoyin cuta a gida gaba ɗaya, da shi kuma muke wanke kofin jariri. Tsumma ɗaya ne na goge hannu, na goge faranti, na sauke tukunya. Katakon da aka yanka ɗanyar kaza a kai, ɗauraye shi kawai ake yi a ɗora latas da tumatir na salak, alhali ɗanyar kaza tana iya ɗauke da Salmonella, ƙwayar cuta mai sa gudawa. Yara su kwana suna gudawa a ce haƙori ne. Soso nawa yake a kasuwa, jama'a? Ku matse shi ku shanya a rana, in ya fara wari ku jefar ku sayi sabo.