Muryoyin da ke cikin memorinka ba naka ba ne kai kaɗai

'Yan uwana matasa, musamman ɗalibai masu zuwa darasi da 'yar rikoda a aljihu, da ku da kuka mayar da waya rikoda, ina da magana da ku a kan muryoyin da kuke tarawa ba lissafi.

Ɗaukar karatu abu ne mai kyau, ba wanda zai hana. Iyayenmu da kaset suka yi. Mutum ya ajiye rediyo a gaban malam yana gadinta, in minti 30 ko 45 ya cika ya juya kaset da sauri kada wata mas'ala ta wuce shi. Wahalar tana da amfaninta: ya san lokacin da ya fara ɗauka, ya san lokacin da ya daina. Yau kuwa abin da bai kai yatsu biyu ba yana iya kwana yana ɗauka. Malam ya ce wallahu a'alamu, an shafa addu'a, an watse, kai kuma ka cusa rikodar a aljihu jar fitilarta na ci. Ta ɗauki cinikinka da mai adaidaita sahu. Ta ɗauki abokinka yana gaya maka bashin da ya yi masa katutu. Ta shiga gida tare da kai, ta ɗauki Hajiya tana faɗa a kan maganar auren ƙanwarka, har da sunan wanda aka ƙi da dalilin ƙin sa. Duk wannan yana manne a wutsiyar darasin fiƙihu, cikin fayil guda. Washegari wani ya ce don Allah ka tura masa karatun jiya, ka tura, ba ka saurari ƙarshensa ba. Shi ma ya jefa a guruf ɗin WhatsApp na 'yan ajin, yana neman lada.

Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi cewa Annabi (SAW) ya ce idan mutum ya yi magana sannan ya waiwaya, to maganar amana ce. Waiwayen nan kaɗai ya isa shaida cewa ba ya son wani ya ji. To abokin da ya rage murya kafin ya faɗa maka damuwarsa fa? Bai san akwai kunne na uku a aljihunka ba. Wannan ma ga wanda ya yi mantuwa ke nan. Mai kunna rikoda da gangan a ɓoye, don ya riƙe makami a kan budurwa ko abokin ciniki ko matarsa, ya koma aya ta 12 a Suratul Hujurati inda aka hana bin diddigin sirrin mutane. Ko a dokar ƙasa, sashe na 37 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya.

Na san amsar da za ku ba ni: ai na goge. To a nan gizo ke saƙar. Idan ka danna gogewa a kan memori, na'urar ba ta share muryar ba. Sunan fayil ɗin kawai ta cire daga jeri, ta rubuta cewa gurbin ya zama fanko. Kamar mai gida ne ya soke sunan ɗan haya a littafinsa, amma kayan suna nan jibge a ɗaki har ranar da wani zai tare ya fitar da su. Muddin ba a ɗora sabon abu a kan gurbin ba, manhajoji irin su Recuva da PhotoRec, waɗanda kyauta ake saukewa, suna iya dawo da muryar garau. Fomatin na gaggawa, wato wanke memori gaba ɗaya, da 'yar rikoda ke yi cikin daƙiƙa biyu shi ma jerin sunayen yake sharewa, ba kayan ba. Manhajar ɗaukar murya ta iPhone kuwa, abin da ka goge yana zama a wata folda har kwana 30 kafin ya tafi, kuma wayoyin Android da dama suna da irin wannan kwandon. Masu tsohon iPod, abin sauraron sautin nan wanda kamfanin Apple ya daina yi a 2022 amma har yanzu yana yawo a hannu, su tuna cewa in an saita shi da manhajar iTunes ta kwamfuta, muryoyin suna ƙaura zuwa kwamfutar da aka jona shi. Ka goge a hannunka, kwafi na kwance a kwamfutar yayanka.

Saboda haka kafin ka sayar da na'ura ko ka ba da ita kyauta, zare memorin. Kafin ka kai ta gyara, zare memorin. In za ka je wajen masu tura karatu da waƙoƙi, ka je da wani memorin daban, ba wanda ka ɗauki hirar gida da shi ba. Ba zargin kowa nake ba, mafi yawansu neman halak suke, amma kwamfutar shago hannu nawa ke taɓa ta a rana? Idan dole sai memorin ya bar hannunka, sa shi a kwamfuta ka yi masa cikakken fomatin, wanda yake ɗaukar lokaci, ko ka goge komai ka cika shi maƙil da karatun Alƙur'ani sannan ka sake gogewa. In abin da ya taɓa zama a ciki zai iya kashe aure ko raba zumunci, karya shi gida biyu. Kuɗin sabo bai kai kuɗin sulhu ba.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, masu gogewa da ka. Ƙananan rikodojin nan ba sa sa wa fayil suna, sai REC001, REC002, haka har ɗari, kuma da batir ya mutu kwanan watan wasu ya rikice. Ana tsakiyar tafsirin azumi na'ura ta ce wuri ya cika, sai yaro ya zaɓi duka ya share don ya samu gurbi. A ciki akwai karatun malamin da ya rasu bara, akwai kakarsa tana jero sunayen kakanni da garin da suka taso, abin da ba wanda ya rubuta. In hakan ta same ka, kada ka ɗauki ko minti ɗaya a kai, cire memorin nan take ka nemi wanda ya iya dawo da fayil, domin sabon ɗauka shi ke binne tsoho.

Cikar wurin ma sau da yawa laifin saiti ne. Murya a tsarin WAV mai inganci irin na faifan CD tana cin kusan megabait 10 a minti guda, awa ɗaya wajen 600 ke nan. A tsarin MP3 mai saitin 128 kbps kuwa minti guda bai wuce megabait 1 ba, kuma muryar malam tana fita tas. Canza saitin tun kafin a zauna.

Sannan ka ware lokaci, ko bayan la'asar ɗin Juma'a ne, ka bi abin da ka ɗauka a makon. Saurari farkon kowane fayil, ka ja zuwa ƙarshe ka ji inda ya tsaya. Yanke abin da ba karatu ba. Sa masa suna da littafi da babi da kwanan wata, ka kwafe shi wuri na biyu. Wanda muryar wani ta shiga ba da saninsa ba, ka goge shi a ranar, ko ka je ka gaya wa mai muryar ya zaɓa da kansa.