Kan kashi na ƙarshe da rabon gadon marayu

Wani rahoto a kan wani shirin wasan kwaikwayo mai dogon zango ya ce masu kallo da yawa sun fusata domin shirin ya rufe wannan zango ba tare da an hukunta baffan da ya riƙe gidan marayu ba, sai dai aka nuna iyali sun yafe masa a gaban liman. Ni ma ina cikin waɗanda abin ya dama, kuma a nan Unguwar Rogo da ke Jos mata sun fi kowa magana a kai, domin da yawansu sun ga irin wannan a gidajensu. Yafiya abu ne mai kyau, amma ba ta goge haƙƙi, kuma aya ta 12 a Suratun Nisa'i ta ba matar mamaci tumunin dukiya, wato kashi ɗaya cikin takwas, idan ya bar 'ya'ya, bayan an biya bashi an zartar da wasiyya, yayin da aya ta 10 ta yi gargaɗi mai tsanani ga masu cin dukiyar marayu. Marubutan sun sa liman ya yi wa'azin haƙuri kawai, bai ambaci rabon gado ba ko sau ɗaya. Ina roƙonsu su dawo da wannan magana a zango na gaba, a mayar wa uwar yaran takardun gidan.